Wai me ke cikin dutsen Arlit da ake rububinsa?

Sani Tela, Zengou

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, kuma kada a yi mini dariya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana tuƙin babbar mota a Arlit. In ya zo hutu Damagaram yakan ce dutsen da suke ɗauka ko kallo bai isa ba, amma Nasara na bin sa kamar zinariya. Daren jiya an ɗauke wuta, na rufe keken ɗinki, muna tsakar gida da 'yata mai shirin BAC tana bita da fitilar waya. Sai ta ce, "Baba, ka san yuraniyom ɗin Kaka tsaga shi ake yi?" Na ce kamar itace? Ta ƙyalƙyale da dariya, ta karanto mini da Faransanci, ban tsinci komai ba. To masu ilimi, me ake tsagawa, kuma wa ya fara?

Malam Habu, Birni

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Malam Sani, 'yarka ta yi gaskiya, amma abin da ake tsagawa ido ba ya ganinsa. Kowane abu da ƙwayoyin zarra aka gina shi, kuma a tsakiyar kowace ƙwaya akwai cibiya, wani ɗan curi na furoton da niyutiron. Yawan furoton ne ke raɗa wa abu suna: 26 ƙarfe, 79 zinariya, 92 yuraniyom. Su furoton, da yake cajin lantarki iri ɗaya gare su, ture juna suke kullum kamar kishiyoyi a ɗaki ɗaya, wani ƙarfi ne na daban ke riƙe da su. A cibiyar yuraniyom sun yi yawa, riƙon da ƙyar ne.

A 1932 James Chadwick ya gano niyutiron a Ingila. Shi ba ya da caji, don haka yana kutsawa cibiya ba mai tare shi. A 1934 Enrico Fermi a Italiya ya yi ta harbin yuraniyom da shi, ya ga baƙin abubuwa na fitowa, ya ɗauka sababbin sinadarai ya ƙirƙiro waɗanda suka fi yuraniyom nauyi. Wata Bajamushiya, Ida Noddack, ta rubuta a shekarar cewa ƙila cibiyar ce ta fashe gida-gida. Ba wanda ya kula ta. Ni ban cika ganin laifinsu ba: wa zai jefi tulu da ƙwayar gero ya sa ran ya rabe biyu?

Sai Disamban 1938 a Balin. Otto Hahn da Fritz Strassmann suka sake gwajin, suna zaton radiyom suka samu, mai furoton 88, wato ɗan ɓalli kawai aka yi wa cibiyar. Suka yi ta tacewa don su raba shi da bariyom ɗin da suka zuba a ciki, ya ƙi rabuwa. Dalili? Shi ma bariyom ne, mai furoton 56. Hahn gwanin kimiyyar sinadarai ne, ya yarda da aikin hannunsa, amma ya rasa yadda za a yi 92 ya haifi 56. Ranar 19 ga Disamba ya rubuta wa Lise Meitner wasiƙa yana neman bayani. Cajina ya yi ja, zan dawo.

Malama Rabi, Sabon Gari

Malam Habu, wayarka ta mutu daidai wurin da na fi so, bari in karɓa.

Lise Meitner 'yar Ostiriya ce, masaniyar fizik, ta yi shekara kusan 30 tana aiki tare da Hahn. Farkon zuwanta Balin a 1907, don tana mace, a wani tsohon ɗakin kafinta da ke ƙasan ginin aka ba su wurin aiki. Asalinta Bayahudiya ce. Da Hitila ya haɗiye Ostiriya a Maris 1938 fasfonta ya daina kare ta, a Yuli ta sulale ta Holan ta ƙarasa Suwidin. Hahn ya ba ta zoben mahaifiyarsa na lu'ulu'u ko za ta buƙaci abin sayarwa a hanya. Wata biyar bayan nan aikin da suka faro tare ya nuna, ba ta nan.

Wasiƙar ta same ta dab da Kirsimeti. Ɗan yayarta, Otto Frisch, shi ma masanin fizik, ya je mata hutu a wani gari mai suna Kungälv. Suka fita yawo cikin dusar ƙanƙara, suka zauna kan kututture da guntayen takarda. Tunaninsu shi ne: a daina kallon cibiya kamar dutse, a kalle ta kamar ɗigon ruwa. Malam Sani, ka ga in ana cura fura da laushi, a ja ta ta yi tsawo, ta yi ƙugu a tsakiya, ta tsinke biyu? Haka cibiyar ke yi in niyutiron ya girgiza ta. Ɓarin biyu kuwa duk caji ɗaya gare su, sai su watsar da juna da gudu.

Inda ta burge ni shi ne lissafin. Ta auna ƙarfin wannan turewar, ya kai miliyan 200 a ma'aunin ƙarfin zarra da ake kira ilektron-bolt. Daga ina zai fito? Ta haɗa nauyin ɓarin biyu, ta ga sun gaza cibiyar asali da kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin furoton. Ta saka wannan giɓin cikin lissafin Einstein, E = mc², mai nuna yadda nauyi ke komawa ƙarfi, sai ga miliyan 200 ɗin nan. Frisch ya koma Kwafanhagan ya tabbatar da gwaji a Janairun 1939, sunan da ya raɗa wa tsagewar ma, fission, daga masana halittu ya aro shi, kalmar da suke faɗa in ƙwayar halitta ta rabe biyu.

Kyautar Nobel ta 1944 kuwa Hahn kaɗai aka ba. Tura ta kai bango, amma haka ta tafi. Sai bayan rasuwarta aka raɗa wa sinadari na 109 sunanta. A gaya wa 'yarmu wannan.

Alhaji Mamman, Garin Malam

Sani ɗana, ni ban san bokon nan ba, amma na yi aiki a can. Tun 1971 ake haƙa a Arlit, ramin Akouta na ƙarƙashin ƙasa ya fara a 1978, aka rufe shi a 2021. Mu ba ma tsaga komai. Dutse ake niƙawa, a jiƙa da asid, a fitar da wani gari rawaya da muke ce wa uranat, a ɗura a ganguna, a zamaninmu motoci ke kai su Kwatano a loda a jirgin ruwa. Abin da ban taɓa ganewa ba, me ya sa garin nan bai taɓa tashi da mu ba?

Malam Habu, Birni

Na dawo, kuma Malama ta fi ni iya ba da labari. Baba Alhaji, tambayarka ita ce zuciyar maganar. Yuraniyom iri biyu ne a cakuɗe: mai lamba 238 da mai lamba 235, wato jimillar furoton da niyutiron ɗin cibiyarsa. Na biyun ne ke tsagewa da sauƙi, shi kuwa a cikin ƙwaya 1000 wajen 7 ne kawai. Kowace tsagewa tana fesa niyutiron biyu ko uku, in suka sami wasu 235 a kusa sai abin ya kama kamar gobarar danga da hunturu. A gangunanku sun yi wa juna nisa, wutar ba ta samun abin ci. Shi ya sa ake kai shi waje a tace: tashar lantarki na son kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, bam kuwa wajen kashi 90.

Fermi ɗin nan ne ya fara kunna wannan gobarar kuma ya iya riƙe linzaminta, a Shikago, ranar 2 ga Disamba 1942. Hiroshima ta biyo baya ranar 6 ga Agusta 1945, kuma yawancin yuraniyom ɗin aikin bam na Amurka daga Kwango aka haƙo shi. Namu ba a gano shi ba sai 1957, a Azelik. Meitner an neme ta aikin bam, ta ƙi. Don ka kwatanta, Malam Sani: ƙwayar zarra ɗaya ta gawayi in ta ƙone a dutsen gugarka ilektron-bolt wajen 4 take bayarwa, ta yuraniyom kuwa in ta tsage miliyan 200.

Sani Tela, Zengou

Allah ya saka da alheri, Baba Alhaji, Malam da Malama. Na miƙa wa yarinyar wayar, ta karanta sau biyu. Ta ɗauki allin da nake zana yadi da shi ta rubuta 92 a cire 56 a kan teburin yanka, ta ce ɗaya ɓarin kiribton ne, mai 36. Malam Habu, ta ce in tambaye ka ko haka ne. An kawo wuta, ga ɗinkin biki na jirana.