Wai ƙwaƙwalwa ce kaɗai ke tunani?

Ɗan Aji Uku: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau raina ya ɓaci. A darasin aikin sassan jiki malaminmu ya ce tunani da ƙauna da tsoro duk sinadarai ne da lantarki a cikin ƙwaƙwalwa, in ta tsaya shi ke nan. Na ɗaga hannu na ce wannan ba a ɗakin gwaji aka gano shi ba, aƙida ce aka cusa wa kimiyya. Ya ce in ajiye tambayata sai Juma'a in kai masallaci, aji ya kwashe da dariya. Alhali ba ni na fara faɗa ba. Rupert Sheldrake ɗan Ingila ne, a Kambirij ya yi digirin digirgir, ya kuma yi aikin binciken tsirrai a ICRISAT ta Indiya, cibiyar nan mai reshe a Sadore kusa da Yamai. Ya ce ɗaukar duniya a matsayin inji marar rai zato ne kawai, har ya lissafa irin waɗannan zace-zace guda 10. A 2013 mutanen TED, masu shirya tarukan jawabai suna saka su a intanet, suka haramta jawabinsa. In ƙarya yake yi, tsoron me suke ji?

Injiniya: Ƙanena, ba a haramta ba. Cire shi suka yi daga tashar TEDx ta YouTube, suka mayar da shi shafinsu tare da dalilansu. Har yau kowa na kallonsa.

Abu Sumayya: Kafin ma a je can, ku daina wasa da wannan kalma. Halattawa da haramtawa na Allah ne da ManzonSa. Wane ne TED da zai haramta?

Maman Hanifa: Allah ya gafarta Malam, ai kullum a rediyo muna jin an ce gwamnati ta haramta acaɓa. Hausa ce haka.

Abu Sumayya: Hajiya, kuskure ba ya zama daidai don an faɗe shi a rediyo. "Hana" ake cewa.

Ɗan Aji Uku: To hana ko haramta, an dai ɓoye shi. Tun 1981 editan mujallar Nature, John Maddox, ya yi sharhi yana tambaya ko ƙonawa ce ta dace da littafin Sheldrake na farko. Wannan kimiyya ce ko danniya?

Injiniya: Yanzu kuma ka koma "ɓoye". Ba wanda ya ƙona komai. Matsalar Sheldrake ita ce gwaji. Ya ce kare na sanin lokacin da maigidansa ya kamo hanyar gida, wani masanin halayyar ɗan Adam, Richard Wiseman, ya gwada karen da ake magana a kansa, ya ce bai ga hujja ba.

Ɗan Aji Uku: Shi kuma Sheldrake ya ce alƙaluman Wiseman ɗin ma sun goyi bayansa. Wannan ɓangaren ba ka faɗa ba, Yaya.

Bakatsine: Subhanallahi. Wato yanzu da kare za a tabbatar mana da ruhi? Abin da yake najasa?

Almajirin Shehu: Gyara, ɗan'uwa. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne. Wanke ƙwarya sau 7 in ya yi lallagi a ciki bin umarni ne kawai. Ka koma ka karanta fiƙihunka.

Bakatsine: Mu hadisi muke bi, ba mu san wani "ka koma" ba.

Almajirin Shehu: Imamu Malik bai san hadisin ba ke nan, sai kai? Abin da wannan Bature ke lalube kuwa, shehunanmu sun daɗe da saninsa. Kashafi ne. Zuciya tana ganin abin da ido bai gani ba.

Abu Sumayya: Na san nan za a zo. Allah ya ce a Suratul Isra'i aya ta 85 ruhi daga al'amarin Ubangiji yake, kuma ba a ba mu ilimi ba sai kaɗan. Babu Bature babu shehu da zai buɗe wannan ƙofa. Ku sani kuma mutumin nan Kirista ne, a wani gidan ibada a kudancin Indiya ya rubuta littafin.

Maman Hanifa: In haka ne Malam, maganin da muke sha ma ba Musulmi ne suka haɗa ba. Ni dai ranar da mahaifiyata ta rasu ina Legas, cikin dare na farka gabana na faɗuwa, kafin asuba waya ta shigo. Babu malamin jami'ar da zai ce min wannan sinadari ne.

Injiniya: Allah ya ji ƙanta, Hajiya. Amma sau nawa gabanki ya faɗi ba abin da ya faru? Waɗannan ba ma ƙirga su.

Bakatsine: Ji rashin kunya. Ana maganar rasuwar uwa kana ƙirge. Halin 'yan boko ke nan.

Injiniya: Na yi salla kafin a haife ka. Imamu Gazali da ya ce ba wuta ce ke ƙona auduga da kanta ba, Allah ne ke halittar ƙunar, bai hana kowa lissafi ba. Ibnu Rushdi ma ya yi masa raddi, kuma alƙalin Malikiyya ne.

Almajirin Shehu: Alhamdu lillahi, ka kawo Gazali da bakinka. Sufi ne fa.

Ɗan Aji Uku: Jama'a, tambayata ita ce ko in je ofishin malamin in same shi. Ba wanda ya amsa min.

Shugaban Zaure: To a tsaya haka, ga abin da aka cimma. An tabbatar cewa Turawa da kansu sun fara dawowa kan abin da malamanmu na tasawwufi suka faɗa tun da daɗewa, kuma Injiniya ya yarda da hakan tunda ya kafa hujja da Gazali. Labarin Hajiya ya ishi mai hankali. Batun kalma, "haramta" daidai ne a Hausa. Batun kare, gaskiya na wajen Almajirin Shehu. Bakatsine ya nemi afuwar zaure kafin ya sake rubutu. Yaronmu kuma ya yi haƙuri ya ci jarrabawarsa tukuna. An rufe wannan magana.