Sambal ɗina yana yin tsami, ga baƙi na tafe ranar Asabar

Amarya a Kaduna: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku taimaka min. Maigidana a Indonesiya ya yi karatu, a garin Malang, to tun da muka yi aure ba shi da zance sai na wani yajinsu da ake kira sambal. Ya ce can ba a cin shinkafa ko soyayyen kifi babu shi a gefe. Mu a gidanmu yajin ƙuli muka sani, mahaifiyata ko attarugu ba ta yawaitawa saboda olsa, don haka ban tashi da irin wannan girkin ba. Kwanaki abokinsa ya aiko masa da terasi, wani dunƙulallen abu mai duhu da ake yi da ƙananan jatan lande da gishiri, warinsa har ya fi na daddawa. Na markaɗa attarugu, tumatir, albasa, tafarnuwa da terasin, na soya. Ya ci ya ce "ba laifi", bai ƙara ba. Washegari na buɗe robar na tarar ya yi kumfa yana tsami. Yanzu abokin nasa zai zo da matarsa ranar Asabar, su biyun 'yan can ne. Wallahi ko barcin kirki ba na yi. Ina matsalar take?

Hajiya Mai Abinci: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ko ba ki faɗa ba na san bilenda ce, kuma kin zuba ruwa. Nan aikin ya lalace. Na yi maƙwabtaka da alhazan Indonesiya a Makka, da idona na ga yadda suke yi. Kayan miyar ake fara soyawa a mai ba tare da an niƙa ba, sai sun yi laushi, sannan a daka da gishiri. A mayar cikin man a rage wuta, ana juyawa har ruwan ya ƙone, man ya taso sama, jan ya koma duhu. Ki sa mazarƙwaila kaɗan da ruwan tsamiya. Ki ajiye bilenda ki ɗauko turmi.

Amarya a Kaduna: Hajiya ruwan da na sa bai kai rabin kofi ba fa, kuma a bene muke, na ƙasa ba sa son daka.

Maman 'Yan Biyu: Hmm. Ni nawa tun da ya je Dubai ya dawo kullum shinkafata ba ta kai ta can ba, amma kuɗin cefanen bai ƙaru ko da naira ɗaya ba. Ga tsadar attarugu. Ki yi masa miyar jajjage ki huta, 'yar uwa.

Ɗaliba a Java: Anti, sambal ba iri ɗaya ba ne. Wanda Hajiya ta kwatanta soyayye ne. Akwai sambal matah na tsibirin Bali wanda ko dakawa ba a yi, yanka albasa da barkono da ciyawar lemo ake yi ƙanana a zuba mai mai zafi a kai. Na 'yan garin Padang da ke tsibirin Sumatra kuma da koren barkono ake yi. Abin da nake son sani, kin gasa terasin kafin ki sa? Nan Indonesiya sai an gasa shi ko an soya har ƙamshinsa ya fito. Kuma ɗan kaɗan ake sawa, ƙaramin cokali ya isa kwano guda. Attarugu ma yana da nasa ƙamshin da barkonon nan ba shi da shi, ki gwada shambo da ƙananan barkono ɗanye.

Hajiya Mai Abinci: 'Yata, ɗanye ba zai kwana ba a zafin nan namu, ga rashin wuta. Attarugu kuma shi ne daidai, shambo bai kai shi yaji ba. Na fi shekarunki ina girki.

'Yar Zangon Kumasi: Wannan ai kusan shito ne, soyayyen yajinmu na Ghana. Idan mai ya rufe samansa a kwalbar gilashi, ana ɗiba da busasshen cokali kawai, yana daɗewa.

Amarya a Kaduna: Ban gasa ba, tunda ai zai soyu tare da sauran. Rabin dunƙulen na sa don shi ya ce yana son ya ji shi sosai. Mai kuma ba ya son ya yi yawa.

Ɗaliba a Java: Rabi ya yi yawa ƙwarai, anti. Tunda don baƙi ne, ki yi shi ranar da safe, ba sai ya kwana ba. Ko ki bari matar ta zo ku yi tare, za ta ji daɗi.

Hajiya Mai Abinci: Baƙuwa a kicin ranar farko? Ba a yi a gidana ba. Ki yi tun Juma'a yadda na ce, kwana yana ƙara masa daɗi.

Amarya a Kaduna: Na gode duka. Amma ni gani nake tumatirin ne ba shi da kyau. Yanzu Juma'a zan yi ko Asabar? Kuma idan terasin ya ƙare, daddawa za ta yi?