Ryan Coogler: Marvel ce ta saye shi, ko shi ya hau bayanta?

Abba: Jama'a, bari in faɗi abin da ke raina ko da za ku yi mini ca. Ryan Coogler, daraktan finafinan nan na Amurka, fim ɗaya ya taɓa yi wanda za a ce nasa ne, Fruitvale Station na 2013. Duk abin da ya biyo baya aikin haya ne. Yaro ɗan Oakland, ko shekara 30 bai kai ba, ya ɗauko labarin Oscar Grant, saurayin da ɗan sandan tashar jirgin ƙasa ya harbe yana kwance ruf da ciki a daren shiga shekarar 2009, ya yi fim da kuɗin da bai cika dala miliyan ɗaya ba. Ya kai shi bikin finafinai na Sundance ya kwashe kyautar alƙalai da ta 'yan kallo. Daga nan masu kuɗi suka yafito shi: zo ka tayar mana da finafinan damben Rocky, zo ka yi mana mai rigar baƙar damisa, wato Black Panther na kamfanin Marvel. Ya tafi, har yau bai dawo ba.

Malam Habu: Abba, tsaya a kan Rocky tukuna. Ba wanda ya yafito shi. Shi ya ƙirƙiro labarin Creed, shi ya yi ta bin Sylvester Stallone, mai fitowa a Rocky, kuma da farko Stallone bai so ba, don a ganinsa labarin Rocky ya riga ya ƙare. Mahaifin Coogler ne mai son finafinan Rocky, kuma rashin lafiyar mahaifin ce ta sa ɗan ya fara tunanin tsohon ɗan dambe da ciwo ya kwantar. Ya ɗauke labarin daga hannun Bature ya miƙa wa ɗan Apollo Creed, abokin karawar Rocky, baƙar fata. In haya ce wannan, to mai gidan ne ya koma zama a zaure.

Abba: Malam, na ji ta Creed. To Marvel fa? Kamfanin da ya zuba dala miliyan 200 a fim ba zai bar ka ka yi abin da ka ga dama ba. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Hajiya Rabi: Ƙanena, duba mutanen da ya shiga da su kafin ka yanke hukunci. Rachel Morrison da ta ɗauki hoton Fruitvale ita ta ɗauki Black Panther. Hannah Beachler da ta tsara masa wuraren wasa tun fim ɗin farko ita ta zana Wakanda, ƙirƙirarriyar ƙasar Afirka da ke cikin fim ɗin. Ludwig Göransson, abokinsa tun suna jami'ar USC, shi ya yi kiɗan, har Senegal ya je ya yi aiki da Baaba Maal. Ga Michael B. Jordan kuma, da ya fito a Oscar Grant, ya dawo a Killmonger, abokin gabar jarumin Black Panther. Ƙaramin ma'aikaci ba ya shiga kamfani irin Marvel da tawagarsa sukutum. Kuma ina aka ɗora tushen rikicin fim ɗin? A wani bene a Oakland, 1992, yara na wasan ƙwallon kwando a ƙasa. Garinsu ne. Yaron da aka kashe wa uba aka bar shi a wannan unguwa shi ne ya girma ya zama Killmonger. Ni dai a nan na ga mutumin da ya yi Fruitvale sarai.

Sadiq: Hajiya, amma a ƙarshe wa ya yi nasara? Killmonger, mai maganar zaluncin da aka yi wa baƙar fata, ya mutu. Jami'in CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, kuwa shi ne mutumin kirki mai taimakon Wakanda. CIA fa, a fim ɗin da ake ce mana na 'yancin Afirka ne. Sannan faɗan ƙarshe a kan layin dogon nan duk zanen kwamfuta ne, kana gani ka san ba hannun da ya ɗauki damben Creed ba ne, wanda kyamara ta bi zagaye biyu ba tare da an yanke ba.

Hajiya Rabi: Faɗan ƙarshen nan ban kare shi ba, bai yi kyau ba.

Yagana: Ni abin da ya tsaya mini a wuya daban ne, kuma ba na jin wanda ba daga Borno yake ba zai ji shi kamar yadda na ji. A farkon fim an rubuta Dajin Sambisa ƙarara a allo. Motoci cike da matan da aka sace, sarkin Wakanda ya diro daga sama, cikin 'yan mintoci ya gama da 'yan bindiga, ya ɗauki tsohuwar budurwarsa Nakia suka wuce. Fim ɗin ya fito a 2018, shekara huɗu bayan sace 'yan matan Chibok, wasu har lokacin suna hannu. Mutumin da ya ba Oscar Grant fim guda cur, muka ga uwarsa, muka ga 'yarsa, muka bi shi yini ɗaya har muka san shi kamar ɗan unguwarmu, shi ne bai ba ko ɗaya cikin matan nan suna ba. An kawo su ne don a nuna mana ƙarfin rigar jarumi. To wanne ne Coogler na gaske a cikin biyun?

Malam Habu: Yagana, wannan magana ce mai nauyi, kuma ba zan ce miki ba haka ba ne. Abin da zan ce kawai, laifin nasa ne, ba na Marvel kaɗai ba, don shi da Joe Robert Cole suka rubuta fim ɗin. Kin ga ke nan hujjarki ta rushe ta Abba. Ba zai yiwu a ce ɗan haya ne da ba shi da ta cewa, sannan a kama shi da laifin abin da ya rubuta ba.

Yagana: Malam, ni ban zo taya Abba faɗa ba.

Abba: Ko kin taya ni ko ba ki taya ni ba, Yaya, maganarki ta yi mini daidai. Kuɗi ne ya rage masa gani.

Malam Habu: To mu bi kuɗin mu ga inda ya kai shi. Black Panther ya kawo fiye da dala biliyan 1.3, ya ci kyautar Oscar uku, Ruth Carter mai tsara sutura da Hannah Beachler suka zama baƙaƙen fata na farko da suka ci a fannoninsu. Da wannan ƙarfin kamfaninsa, Proximity Media, ya tsaya wa darakta Shaka King aka yi Judas and the Black Messiah a 2021, labarin Fred Hampton, ɗan gwagwarmayar baƙar fata da 'yan sanda suka kashe a kan gadonsa a Chicago a 1969 da haɗin bakin FBI. Warner Bros ce ta fitar da shi. Kana ganin za su saurari mai fim ɗin dala dubu 900 a kan irin wannan labari? Sannan ka zo kan Sinners na 2025. Labarinsa ne tun daga tushe, ba ci gaban wani fim ba, ba daga littafin zane ba. Ya gindaya sharuɗɗa: shi ke da maganar ƙarshe a wurin tace fim, yana da kaso tun daga kuɗin farko da ya shigo, kuma bayan shekara 25 mallakar fim ɗin ta dawo hannunsa. Warner ta sa hannu.

Abba: Fim ɗin masu shan jini? Daga Oscar Grant an koma fatalwa, shi ne ci gaban?

Hajiya Rabi: Ka kalle shi kuwa, ko tallarsa ka gani? Misisipi ce a 1932, zamanin wariyar launin fata. Tagwaye sun dawo daga Chicago, sun sayi tsohuwar ma'aikatar yanka katako a hannun Bature don su buɗe gidan kiɗa na mutanensu, masu noman auduga a gonar wasu. Masu shan jinin kuwa ba sa iya shiga sai an ce musu bismillah, kuma abin da suke kwaɗayi shi ne waƙar wani yaro mai jita. Wa ya mallaki wuri, wa ya mallaki waƙa, wa za ka buɗe wa ƙofa: a kan wannan fim ɗin ya ginu. Ya ce kawunsa ɗan Misisipi mai son kiɗan blues ne ya sa shi yin sa. Mutumin da ya yi wannan ya san abin da kake zarginsa da shi fiye da kai, shi ya sa ya nace a kan sharaɗin mallakar.

Sadiq: Shekara 25 fa. An haife shi a 1986, ke nan yana da 64 ranar da za a miƙa masa. Kafin nan Warner ta tatse abin da za ta tatsa.

Malam Habu: Yana da 'ya'ya, Sadiq. Kuma ka lissafa mini daraktoci nawa ne a Hollywood suka samu ko da wannan. Tarantino ya samu irinsa, sai wa?

Abba: Shi ke nan, Sinners na ba ku. Amma Denzel Washington da bakinsa ya ce Coogler na rubuta masa rawar da zai taka a Black Panther na uku. Mai 'yanci ya sake komawa gidan Marvel ke nan.

Yagana: Ya koma mana. In dai zai sake rubuta sunan garinmu a allo, wannan karon ya zo ya tambayi mutanen garin tukuna.