Abin da aka tsayar a fada kan butik ɗin da ke rufewa

Hirar jiya a fada ta yi tsawo, to ga taƙaitawa. Maganar dai ƙananan butik na unguwa da na garuruwa irin su Tibiri da Madarunfa na jihar Maradi ne da ke ta rufewa, tun rufe iyakar Najeriya na 2019 da takunkumin da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa ma Nijar a 2023 hanyar Ɗan Isa, garin bakin iyakar Najeriya, ta ja baya, kaya suka yi tsada, jari ya narke.

Mafi yawa sun ce bashi ne ke kashe butik ba iyaka kaɗai ba, a ci bashin sukari da ganyen shayi a unguwa, ranar da kuɗi suka zo sai a hau kabu-kabu a tafi babbar kasuwa a saya da kuɗi hannu, wallahi wannan ba adalci ba ne. Shawara, mai butik ya riƙe littafi, ya sa ma kowa iyaka, har ƴan uwa.

Wani dattijo ya ce masu butik su haɗa kuɗi su sari buhu tare. Matasa suka ce a sa hoton kaya a WhatsApp, a kai har gida saboda matan aure. Batun adashi kam ba a daidaita ba, wasu sun ce wanda ya fara kwasa shi ke ɓacewa.