Wa ya taɓa ɗora sabon modul a kan tsohon kanel?

Bakatsine: Salamu alaikum 'yan uwa. Akwai wata saba (babbar kwamfutar da sauran ke dogaro da ita) a wurin aikinmu mai CentOS 7, wani nau'in Linux, da kanel 3.10, wato zuciyar tsarin. Tun 30 ga Yuni 2024 aka daina tallafa wa tsarin, amma oga ya ce kar a taɓa, manhajar albashi a kai take. Yanzu an ce in ƙara mata direban sabon katin netwok a matsayin modul, wato ɗan kod da ake ɗora wa kanel. Wanda ya taɓa yi ya ba mu labari.

Hajiya Injiniya: Wa alaikumus salam, ƙanena. Rubuta modul bai taɓa ba ni wuya ba, ranar sabunta kanel ce ake kuka. Masu Linux ba su yi wa kowa alkawarin ƙofofin cikin kanel, waɗanda modul ke bi ya yi magana da shi, za su zauna yadda suke ba, da saninsu suke sauya su. Abin da ya yi aiki jiya, yau insmod, umarnin ɗora modul, ya watso maka shi waje. DKMS, wanda Dell ta ƙirƙiro, shi ya raba ni da wannan: da an sa sabon kanel zai sake harhaɗa modul ɗin da kansa. Kai ma ka yi sa'a, Red Hat, tushen CentOS, na da kABI, jerin ƙofofin da take ƙoƙarin riƙewa ba sauyi a babban siga guda. Duba ELRepo tukuna, ma'ajiyar direbobin da aka riga aka harhaɗa, wataƙila wani ya riga ya yi maka aikin.

Ɗan Maraɗi: Ni Secure Boot, tsaron da ke hana hawan kod marar sa hannu, ya tare ni. Komai daidai, modul ya ƙi hawa don ba sa hannu. Sai da na shigar da makullin sa hannuna da umarnin mokutil.

Malam Mai Alli: A aikin digirina na bi dabarar OSKit ta Jami'ar Utah, ta 1997. Sun kwaso direbobin Linux da kod ɗin netwok na FreeBSD, suka naɗe su da siririn kod, na asalin kuwa da ƙyar suka taɓa shi. Haka na yi, gyara ya tsaya a naɗin kawai. Amma ni a ganina, abin da zai iya zama a wajen kanel a bar shi waje. Tsarin fayil na rubuta da FUSE, wanda ke ba shi damar aiki a wajen kanel. In ya faɗi shi kaɗai ke faɗuwa. Direban kati dai galibi ciki yake zama.

Bakatsine: Na gode Malam. Hajiya, yum, mai sauko da manhajoji, ya ƙi kawo kernel-devel ɗin da ake harhaɗa modul da shi fa.

Hajiya Injiniya: Masu CentOS sun kwashe komai zuwa vault.centos.org. Sauya adireshin a fayilolin repo, masu nuna wa yum inda zai ɗauko kaya, sannan ka tabbata sigar kernel-devel ta yi daidai da sigar kanel da umarnin uname -r ya nuna.