Bakin Kogin Nilu a Alƙahira: ta ina ake farawa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Masu zuwa Alƙahira rakiyar asibiti ko karatu kan sami yini guda a sake. Waɗanda suka san Kornish, wato titin bakin Kogin Nilu, da wuraren tarihin da ke kusa, ku taimaka mana da tsari, kada a ƙare a cunkoson mota.

Ɗalibin Azhar: Wa'alaikumussalam Hajiya. Wuraren tarihi da safe, bakin ruwa da yamma, domin yawancin gidajen tarihi kafin magariba sun rufe, Kornish kuwa sai bayan la'asar yake cika. Ku hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ku sauka a tashar Sadat, wato dandalin Tahrir. Tsohon gidan tarihin Masar, ginin 1902, yana nan gefe. Amma gawarwakin fir'aunoni ba sa ciki: tun Afrilun 2021 aka kwashe guda 22 zuwa gidan tarihi na unguwar Fusɗaɗ. Mutane da yawa sai sun sayi tikiti suke jin wannan. Ku riƙe katin banki, wurare da dama sun daina karɓar tsabar kuɗi a ƙofa. Mata na da taragonsu daban a tsakiyar jirgi.

Tsohon mazaunin Manyal: Ɗan'uwa ya yi daidai, sai dai ni ba zan fara da Tahrir ba, yana cinye safiya ɗungurungum. Daga Sadat a bi layin Helwan, tasha ta huɗu ita ce Mar Girgis. Kana fitowa ga tsofaffin majami'un Kibɗawa, 'yar tafiya kaɗan ga masallacin Amru ɗan Asi, wanda aka kafa bayan buɗe Masar. Daga nan a tsallaka tsibirin Rauda a ga Miƙyasun Nil, ma'aunin ruwan kogi, wanda aka gina a 861 zamanin Halifa Mutawakkil. Daga waje ɗan ɗaki ne mai tsinin rufi, ba ya cika ido. Ciki kuwa rijiya ce ta dutse, matakala na zagaye da bango har ƙasa, a tsakiya ginshiƙin marmara mai fuska takwas da aka tsattsaga masa kamu-kamu. A da, idan ruwa ya kai kamu 16 an yi shekarar albarka, kuma da shi ake yanka haraji. Ƙasa da haka yunwa, sama sosai ambaliya. Yanzu a bushe take, an toshe hanyoyin ruwan, kuma dam ɗin Aswan ya kashe ambaliyar. Matakalar ba ta da abin dafawa, kada a saki hannun yaro, dattijo ya tsaya daga sama ya leƙa.

Malama daga Abbasiyya: Ku bar maganar gine-gine, abin da ke ba baƙo wuya shi ne tsallaka titin Kornish. Motoci ba sa tsayawa. A jira 'yan gari su taru, a jera da su, a yi tafiya ɗaya ba gudu ba ja da baya, domin direba da saurinka yake auna inda zai bi. Sannan kujerun roba da ake jerawa a bakin ruwa ba sadaka ba ne. Kina zama za a miƙo shayi ko hummusus Sham, romon tumatir mai wake da lemun tsami da barkono da ake sha a kofi. Ki ce "bikam?", wato "nawa ne?", kafin ya taɓa hannunki.

Ɗalibin Azhar: Gaskiya ne Malama. Haka ma jirgin ruwa. Iri biyu ne: faluka mai filafilai, da mai inji mai fitilu da kiɗa kamar gidan biki. Mai son natsuwa ya nemi faluka a mashigar unguwar Garden City. A yi ciniki kan jirgin gaba ɗaya na awa guda, a tabbatar ba kuɗin kowane mutum ake nufi ba, a biya bayan an dawo, a ɗora ɗan bakshish, wato tukuici. Ranar da babu iska faluka ba ta zuwa ko'ina, awarku za ta ƙare kuna kallon otal ɗaya.

Tsohon mazaunin Manyal: Faɗuwar rana a gadar Ƙasrun Nil ake kallonta, mai zakuna huɗu na tagulla, ginin 1933. Ƙetarenta hasumiyar Alƙahira ce, mita 187, amma layin lif da yamma ba ya da daɗi. A Garden City a mayar da waya aljihu, akwai ofisoshin jakadancin Amurka da Ingila, hoto a nan kan jawo tambayoyi.

Malama daga Abbasiyya: Hajiya, in daga Disamba zuwa Fabrairu ne ki ɗauki rigar sanyi, iskar kogi da dare tana ratsa ƙashi. Daga Maris zuwa Mayu kuma, in aka wayi gari da ƙurar khamasin, mai asma ya haƙura da fita ranar.