Don Allah za a iya hawa 'yar barandar ado a ɗaura fitilun Kirsimeti?

Maman Tagwaye:
Sannunku 'yan uwa, masu sanin harkar gini ku taimaka min da shawara. Muna haya a wani bene a Dadin Kowa a nan Jos, mu ne a sama, to a gaban tagar falonmu akwai wata 'yar baranda da ta fito waje, faɗinta bai fi ƙafa ɗaya da rabi ba, an zagaye ta da ƙarfe mai ado an shafa baƙin fenti. Babu ƙofar da take fita wajen, sai dai mutum ya zuge gilashin taga ya tsallaka. Na je kasuwar Terminus na sayo fitilun nan masu kyaftawa don yara sun dame ni tun farkon Disamba, maigidan kuma yana Abuja sai 23 ga wata zai dawo, shi ne ɗan yayata da ke zaune da mu ya ce zai fita ya ɗaura, wai shi ba shi da nauyi, shekararsa 16. Ni dai hankalina bai kwanta ba don ban taɓa ganin kowa ya taka wajen ba tun da muka tare. Zai ɗauki mutum kuwa?

Baba Magini Bukuru:
'Yata kar ki bar yaron nan ya fita. Ke da bakinki kin faɗi amsar, babu ƙofa. Wanda ya zana gidan da ya so a riƙa tsayawa a wajen da ya sa ƙofa. Ita baranda da ta fito waje babu ginshiƙi a ƙarƙashinta, abin da ke riƙe ta shi ne rodin da ya taso daga cikin dakin ɗin gidan, wato kankaren da aka zuba tsakanin ƙasa da saman bene, kuma dole rodin ya zauna ta SAMA a cikin kankaren, don in nauyi ya hau bakinta saman ne yake son tsagewa daga jikin bango. To ranar zuba kankare lebura na ta kai da kawowa da kwano a ka, suna taka rodin nan yana nutsewa ƙasa, in ba a tsaya a kansu an ɗago shi ba shi ke nan, an rufe, an yi filasta, an yi fenti, ba mai gani. Wata ma ba kankare ba ce, bulo ne aka jera a kan siririn ƙarfe aka shafe don gida ya yi kyau daga titi. Na sha fasa irinsu da hannuna, guduma biyu ta sauko.

Ɗan Farin Gada:
Baba da girmanka amma mu ma muna da irinta a gidanmu, muna shanya kafet a kai har tukwanen fulawa akwai, shekara da shekaru ba abin da ya faru. Yaro ne fa, minti biyar ya gama.

Injiniya:
Ɗan'uwa taku ta ɗauka, amma ba mu san abin da ke cikin tata ba, kai ma ba ka san abin da ke cikin taku ba. Kuma kafet a shimfiɗe daban yake da mutum da zai diro daga taga ya tsaya a baki-baki yana miƙa hannu sama. Ni abin da ya fi ba ni tsoro ma ƙarfen ne. Kariyar baranda ta gaske tana kaiwa wajen mita 1.1, ta wuce ƙugun babba, kuma an dasa ta cikin kankare. Ta ado sau da yawa iya gwiwa ce ko cinya, ɗan ɗigon walda ne ya riƙe ta, damina ta Jos kuwa kin san yadda take, tsatsa na cin gindin ƙarfen ta ƙarƙashin fenti. Yana jingina ta tafi da shi. Mu da muka ga makarantar da ta rufta a Busa Buji a watan Yulin 2024 mutum 22 suka rasu, bai kamata a ce mana gini yana da ƙarfi don ya yi kyau a ido ba. Maman Tagwaye ki sauka ƙasa ki ɗaga kai ki duba, in kin ga tsaga inda ta haɗu da bango, ko jan tabo na tsatsa, ko filasta ta kumbura, ki kira mai gidan a yau, kuma ki hana yara wasa a ƙarƙashin.

Mai Wayarin Rikkos:
Ni ta ɓangaren wuta zan yi magana. Mu ma lokacin Maulidi ana kirana irin wannan aikin. Yawancin fitilun kasuwa na cikin ɗaki ne, wayar siririya kamar zare, kuma da yawa kai tsaye suke shan 230 volt daga soket. Ki nannaɗe ta a jikin ƙarfe, iskar hunturu na kaɗa ta tana gogawa, robar ta yanke, ga raɓa da asuba, to duk ƙarfen ya ɗauki wuta kenan, yaro ya leƙo ta taga ya dafa. Ki duba kwalin, in akwai IP44, wato lambar da ke nuna tana jure ruwa, ko sama da haka ta waje ce. Kar a haɗa waya da salatif a bar ta a waje, kar a ɗaura tana jone ko da an ɗauke wuta, don ba ki san lokacin da za a dawo da ita ba. Sannan ki lura ko wayar da ta shigo gidan daga fal ta bi ta kusa da wajen.

Maman Tagwaye:
Na gode ƙwarai Baba, Injiniya, Allah ya saka muku. Na sauka na duba kamar yadda kuka ce, jikina ya yi sanyi, akwai tsaga doguwa ta ƙasa a gefen hagu har wani guntun siminti ya faɗi ana ganin rodi ya yi ja. Na ɗauki hoto na tura wa mai gidan ta WhatsApp ya ce zai turo mutum ranar Asabar. Kwalin fitilun ma ba IP ko ɗaya a jiki. Mun manna su ta ciki a zagayen gilashin taga, na tura tagwayen bakin get da magariba su duba, sun dawo da gudu wai ana hango su har daga shagon mai burodi. Kujerar da suke zama a ƙarƙashin barandar kuma na ɗauke ta na kai bayan gida.